Wayar da ke Ƙarƙashin Kujerar Inna

Fiyus uku motar wani tela ta ƙone a mako guda. Tsohuwar mota ce, irin wadda eriyarta ke miƙewa da kanta in an kunna rediyo, kuma da ita yake kai mahaifiyarsa, Inna, asibiti wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis.

Shi kuwa telan nan, Allah ya zuba masa zargi. Da farko ya ce ƙaninsa ne ya taɓa masa mota, har suka kwana biyu ko gaisawa ba sa yi. Daga nan ya koma kan mai shago, wai jabun fiyus yake sayar masa. Da abin ya ishe shi, ya tafi wurin mai gyaran wutar mota yana hura hanci.

Mai gyaran ya zare fiyus ɗin, ya maƙala ɗan ƙwan gwaji a gurbinsa. Ƙwan ya kama tar. Ya buɗe but ɗin bayan motar ya cire soket ɗin eriyar, amma ƙwan bai mutu ba.

"Ka gani, maigida? Injin eriyar lafiyarsa ƙalau. Wayar ce ta goge a hanya, tana taɓa ƙarfen motar, kuma ta ƙarƙashin kujerar baya ta bi. Bar min motar zuwa la'asar in ɗaga kujerar in nemo wurin."

Tela ya dubi tulin kayan motoci da ke gefen rumfar. "Wato in juya baya ka kwashe min kayan asali ka sa min tarkace? Na san halinku!"

"To zauna a kaina in yi."

"Ɗinkin mutane na jirana."

"Shi ke nan. Amma don Allah kada ka ɗaure fiyus ɗin nan da waya. Shi yake ƙonewa don kada motar ta ƙone."

Tela ya ja tsaki, ya ce a ransa barazana ce kawai. Yana isa shagonsa ya samo jar waya, ya nannaɗe fiyus ɗin tsaf kamar yana naɗa zare a kwarkwaro. Rediyo ya kama, eriya ta miƙe. Har matarsa ya kira ta zo ta ga aikin la'asar da ya gama a minti biyu.

Ranar Alhamis suna tafiya asibiti, Inna na kujerar baya, sai ta ce, "Ɗan nan, ƙauri fa nake ji."

"Masu ƙona shara ne, Inna."

Bai rufe baki ba hayaƙi ya turnuƙe motar. Kafin ya taka birki soson kujerar ya kama da wuta, ga Inna ba ta iya tashi da kanta. Ya jawo ta waje zaninta na ci, ya dinga kashe wutar da tafin hannunsa yana salati yana kuka.

Wata biyu Inna ta yi ba ta iya kwanciya rigingine. Shi kuma yatsunsa sun ƙandare saboda ƙuna, har yau bai iya zura zare a allura.

Jama'a, fiyus da ke yawan ƙonewa gargaɗi yake yi muku: a nemo wayar da ta goge, kada a ɗaure shi. Zargin kowa ba wayo ba ne, domin yana toshe wa mutum kunne daga mai faɗa masa gaskiya.