Haƙorin Gidan Iya Tasalla

Ɗanlasan ɓarawo ne, kuma ruwan marayu ya sata.

Tun da aka hana na'urorin lantarki rabon ruwa, garinmu ya koma ga injin lissafi na tagulla, irin wanda mutanen zamanin da suka fara ƙerawa, wanda ake juyawa da hannu. Kowane gida yana da haƙorinsa a cikin injin. In naka ya yi ƙas, a buɗe maka famfo. Ɗanlasan ne mai juyawa.

Ranar Laraba Iya Tasalla, mai riƙon jikoki marayu, ta zo da jarkokinta. Injin ya yi ƙas a kan gidan maƙwabcinta, ya tsallake nata shiru.

"Ɗan nan, ban ji namu ba."

"Iya, tsufa ne ya toshe miki kunne. Inji ba ya ƙarya."

"To, kunnena ne ya busar min da randa?"

Ta zauna a ƙofar ɗakin injin ta ƙi tashi, sai da mai unguwa ya sa aka buɗe murfin. Ashe an goge haƙorin gidanta da magagari, rabonta yana tafiya lambun surukin Ɗanlasan.

Aka cire haƙorin gidan Ɗanlasan aka sa a gurbin nata. Yanzu injin ba ya ƙirga Ɗanlasan, ba ya ƙirga 'ya'yansa.