Dalma a Tukunyar Kunu

Kun ga ana narka tarkacen mota ana zuba tukwane, kuka kau da kai.

Ni na sa wa ordinatata, wato kwamfutata, lojisiyel, manhaja mai zana yadda ƙarafa ke haɗuwa in sun narke, na ba shi awon zubin Kawu Kalla maƙeri. Zanen ya nuna dalmar da ke cikin zubin ba ta narkewa cikin alminiyam, ɗigo-ɗigo take zama a jikin tukunya. Na ruga maƙera.

"Kawu, kada ka kai zubin nan kasuwar Kornaka, guba ne!"

Ya yi dariya. "Wa ke saida zubi mai nauyi haka, Uwale? Na gida ne. Da shi na zuba maki tukunyar kunun ɗiyarki."

Ku tashi yau ku tambayi maƙerinku abin da yake narkawa.