Darasin Kalmar Keep

Malama na tsakiyar rubuta misali na biyu ta waiwayo ta dubi bayan aji, sai allin ya karye a hannunta.

Hedimasta, da ke zaune can baya kusa da sufeton makarantu, ya ƙura mata ido. Malamar 'yar ƙanwarsa ce. Shi ya tsaya mata aka ɗauke ta gwaji, kuma wannan darasi ne zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta. Shi kuwa sufeton, an ce ko uwarsa ce a gaban allo sai ya rage mata maki.

Jiya shi da ita sun yi bitar komai. Kalmar Turanci ce guda, *keep*, mai fuska da yawa: ajiyewa, kiwo, cika alkawari, ci gaba da abu. Za ta kawo misalai, yara su maimaita, a tashi lafiya. Ta ma fara da kyau, har hedimasta ya saki jiki ya zare ƙafa daga takalmi kamar yadda ya saba, don simintin ajin akwai sanyi.

Yanzu ga ta tsaye kamar an dasa ta, ta zuba ido wajensa. Ya san wannan kallon, tun tana ƙarama haka take yi in ta fasa kwano. Ya haɗe rai ya kawar da kai. Ai ba a cin jarrabawa da kawu.

"Yau ba rubutu za mu yi ba, aikatawa za mu yi," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "*Keep still*. Wato kada a motsa. Manyan baƙinmu za su nuna mana. Ranku ya daɗe, ku tsaya cak, kamar ana ɗaukar ku hoto."

Sufeto, wanda tun shigowarsa yake karkaɗa ƙafa, ya daina. Ya ɗaga gira, ya kai biro kan takarda. Ta ce har biron ma a ajiye. Hedimasta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Babu wannan a cikin abin da suka shirya, kuma ba ta tsaya nan ba. Ta koyar da *keep quiet*, aji ya yi tsit. Ta koyar da *keep left*, ta ce 'yan bencin ƙarshe su tashi a hankali su bi jikin bangon hagu, ba jan ƙafa, ba turereniya. Sannan *keep walking*: a ci gaba da tafiya har gindin bishiyar tsakar makaranta, ba waiwaye. Ta raɗa wa yarinyar farko wani abu a kunne, ta sake maido idonta baya.

Wace irin malama ce ke korar ɗalibanta a ranar duba? Benci bayan benci ajin ke zagwanyewa. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya har benci ya yi ƙara, ta daka masa harara guda, ya haɗiye sauran. Gumi na ɗiga daga haɓarta, ba ta share ba. Allo kuwa ta manta da shi, rabin jimla na nan yadda ta bar shi.

Hedimasta ya tuna ƙanwarsa, da yadda ta yi ta sa masa albarka ranar da aka ɗauki yarinyar. Da wane baki zai gaya mata? Wata iska mai sanyi ta shafi diddigensa, shi kuwa duk jikinsa zafi yake.

Ɗalibi na ƙarshe ya fita. Sufeto ya yi gyaran murya, ya tambaya ta gefen baki ko hoton bai ɗauku ba har yanzu. A bakin ƙofa maigadi ya bayyana da doguwar sanda, yana takawa kamar mai tsoron tada jariri.

Abin ya ishi hedimasta. Gara ya tashi ya ba da haƙuri kafin cibi ya zama ƙari. Ya ɗaga ƙafa zai laluba takalminsa.

"Kawu."

Ya sha hana ta kiransa haka a makaranta. Amma ya ga hawaye na bin kuncinta.

"Don girman Allah, Kawu, kada ka nemi takalminka."

Sai a lokacin ya lura tun ɗazu ba fuskarsa take kallo ba. Ya sauke ido a hankali, ya ga baƙin kumurci nannaɗe da ƙafar kujerarsa, kansa kwance cikin takalmin da yake shirin sakawa.