Hukuncin Farfesa Ostrander

Farfesa Merle Ostrander bai gama shafi na biyu ba ya ture kofin gahawarsa gefe ya gyara zama. An goge sunan marubuci, an cire shafukan farko, lamba goma sha huɗu kawai aka manna a sama. Amma gajerun jimlolin nan marasa kwana-kwana, mutum ɗaya ya sani mai rubuta su: Corinne Vandiver.

Kwalejin tasu ƙarama ce, a tsakiyar gonakin masara na Amurka, tana horar da likitocin da ke haɗa magani da gyaran ƙashi da tsoka da hannu. A bana wata gidauniya ta gina musu ɗakin bincike cike da na'urorin auna motsin gadon baya, za a damƙa shi ga likita ɗaya na shekara biyar. Duk mai so ya turo samfurin aikinsa, kwamiti ya auna ba tare da sanin mai shi ba. Ostrander ne babba a kwamitin.

Shekara goma sha tara ke nan da Corinne, tana ɗalibarsa, ta tsaya gaban majalisar kwaleji ta ce ya sace mata bincikenta a kan ciwon bayan manoma. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya rantse cewa kowace lamba da hannunsa ya tattara ta. A ganinsa duk abin da ɗalibi ya yi a ƙarƙashin rufin malami na malami ne. Aka kore ta. Binciken ya ɗaukaka sunansa, sai dai tabon bai goge ba. Sau biyu kujerar shugabancin kwaleji tana wuce shi, kuma har yau in ya shiga taro sai wasu su rage murya.

A makon jiya ne Bernice, sakatariyar sashensu, ta leƙo ofishinsa.

"Farfesa, ka san wa na gani tana fitowa daga wurin shugaba? Tsohuwar 'yar gidanka. Har furfura ta fara mata, wallahi."

"Ta zo neman abin da ba za ta samu ba," in ji shi.

To ga aikinta yanzu a kan teburinsa, kuma har yanzu a kan bayan manoma yake, fagen da ya yi takardu sun fi ɗari a kansa. Rabon da ya zauna ya bi jadawalin lambobi layi-layi tun yana saurayi, wannan wahalar ɗalibai ce. Amma wannan karon ya ɗauko rula da jan biro, ya ce kada a haɗa shi da kowa a waya.

Rana ta farko bai sami komai ba. Rana ta biyu ya lura mara lafiya na talatin da ɗaya da na tamanin da takwas shekarunsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, awonsu ɗaya har ɗigo. Ya bi a hankali, sai ga shi bayan kowane layi hamsin da bakwai jadawalin yana maimaita kansa. Ga kuma wani tsoho ɗan shekara saba'in da aka rubuta yana lanƙwasa baya fiye da ɗan wasan motsa jiki. Manoma ɗari biyu da aka ce an duba, babu su. Zama aka yi aka ƙirƙire su.

Ostrander ya yi dariya shi kaɗai har hawaye ya zo masa. Ba hana ta ɗakin kawai zai yi ba. Sai ta bar aikin likita da kunya, kamar yadda ta so yi masa.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ofishin shugabar kwaleji, Dakta Lucinda Pruett. Ostrander ya miƙe ya karanta rahotonsa shafi shida, yana nuna layukan da ya ja wa jan biro.

"Merle, ka tabbata?" in ji Dakta Pruett. "Ba kuskuren buga rubutu ba ne?"

"Kuskure? Lucinda, ɗan aji ɗaya ma da ya karanta wannan sau ɗaya zai gane ƙarya ce."

"Me kake ganin ya dace da wanda sunansa ke kai?"

"A kore shi, a janye duk abin da ya taɓa wallafawa, a sanar da hukumar lasisi. Kuma kada ya zo yana cewa bai sani ba. Wanda ya sa hannu shi ne mai laifi."

Ta miƙa masa biro. Ya rattaba hannu a ƙasan rahoton, sauran 'yan kwamitin suka bi a matsayin shaidu. Daɗi ya cika shi.

Dakta Pruett ta buɗe aljihun tebur ta ciro ambulan.

"Masu nema goma sha uku ne," ta ce. "Corinne ba ta cikinsu. Abu ɗaya ta roƙe ni, in ba ka wannan ka karanta har ƙarshe."

Ta turo masa shafin farko da aka cire. Kwanan watan na shekara goma sha tara da suka wuce ne, sunan da ke sama kuwa Merle Ostrander, a kan binciken da ya kwafe bai duba ba daga littafin bogin da Corinne ta ajiye masa da gangan a kan teburinta.