Kunnen Gidauniya a Kasuwa

Tun da Gidauniyar Zaman Lafiya ta kafa na'urar saurare a kasuwa, duk baƙar maganar da ta ji sai an rage wa gari tallafin ruwan sha.

Inna Dudu, Bafulatana mai nono, ta sauke ƙwarya gaban rumfar Bukar, Babarbaren da suka tsufa suna tsokanar juna. A da "Bawana, kawo kujera!" take ce masa, ya rama da "ɓarauniyar shanu", kasuwa ta kwashe da dariya.

Yau sai ya saci kallon na'urar. "Sannu da zuwa, Hajiya."

Ranta ya ɓaci. "Ni ce Hajiya, Bukar? Me na yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. Fitilar na'urar ta nuna kore, wai an zauna lafiya.