Wakilin Illela

Saura mutum ɗaya motar Sakkwato ta cika, mutum ɗayan nan kuma ya ƙi zuwa. Malam Mannir na takure a kujerar baya, gwiwarsa na gugar buhun albasa, yana bitar maganar da zai yaɓa wa mutumin da bai taɓa gani ba.

Mutumin shi ne wakilin Illela a hukumar kula da makarantun karkara. Ranar da gwamnati ta naɗa hukumar, rediyo ya jero sunan shugabanta da saraututtukansa kaf, sannan ya ce "da sauran mambobi," ya wuce labarin taki. Malam ya tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, aka ɗaga masa kafaɗa. A majalisar bakin kasuwa wani ya ce ɗan kasuwa ne mazaunin Legas, wani ya rantse surukin wani babba ne. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: tun da aka kafa hukumar, bawan Allahn nan bai taɓa halartar zama ba.

Da wannan ne kaɗai, da Malam bai damu ba. Ya daɗe da sanin cewa kujerar gwamnati ba don a zauna a yi aiki ake raba ta ba. Amma bana tafkin Kalmalo ya cika ya ci azuzuwan makarantar garin, hukumar kuma ta ga rufewa ya fi gyara sauƙi, a kwashe yaran a kai Illela. Malam shi ya fara makarantar nan a rumfar zana, ya bi masunta gida gida yana roƙon 'ya'yansu, ya tsufa yana hedimasta a cikinta. Ya san babu masuncin da zai sa ɗansa wannan doguwar tafiya kullum. In an rufe, karatu ya ƙare a Kalmalo ke nan.

Abin da ya fi ci masa rai, ƙa'idar hukumar ce: ba a rufe makaranta muddin wakilin yankin ya ce bai yarda ba. Kalma ɗaya tak ake nema a bakin mutumin.

Malam ba mai zuwa ofisoshi ba ne. Tun shekarar da 'yan siyasa suka zo masa gaisuwa suka ɗauki hoto, ya wayi gari ya ga fuskarsa manne a bangon tasha yana goyon bayan wanda bai sani ba, ya yi musu katanga. Ya ce wa matarsa Ramatu duk wanda ya yi sallama daga motar gwamnati, kada ta karɓi ko allura a hannunsa. Ramatu kuwa ta ƙware. Daga bayan ƙyaure take amsawa, "Ba shi nan, ya tahi Ƙwanni." A Illela ba a musu da wannan amsa, don Ƙwanni na nan ƙetaren iyaka cikin Nijar, kowa kuma na da dangi a can. Wayarsa ma layin Nijar ke cikinta. A bakin Ramatu, Malam ya ƙetara iyaka fiye da direbobin tasha, alhali yana tsakar gida yana ba akuyoyinsa harawa.

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau da ƙafarsa zai je musu.

Sai bayan azahar ya isa ofishin hukumar a Sakkwato, ƙugu ya riƙe, ƙafafu sun kumbura. Ya tarar ana fito da kujeru daga ɗakin taro ana jibgewa a baranda. Masinja ya nuna masa ofishin sakatare ba tare da ya ɗago kai ba.

Sakataren na ganinsa ya miƙe zumbur, ya zagayo tebur ya durƙusa. Malam ya ƙura masa ido kafin ya gane shi. Sufyanu ne, ɗan wani masunci na Kalmalo, ɗaya daga cikin yaran rumfar zana, yanzu har da furfura a gemu.

Malam bai tsaya doguwar gaisuwa ba, don kada zuciyarsa ta yi sanyi. Ya zazzage abin da ya ƙunso tun daga tasha. Ya ce wanda ya karɓi amanar yara ya kwanta a kanta, Allah ba zai bar shi ba. Ya ce shi bai zo roƙo ba, a dai fito masa da mutumin nan ya faɗi kalma ɗaya, in ya so ya koma barcinsa.

Sufyanu na durƙushe, kansa a ƙasa.

"Jiya anka yi zaman ƙarshe, Malam. Wa'adin hukuma ya cika. An sa hannu, makaranta ta tahi."

Malam ya laluba kujera ya zauna. Gajiyar da ya daɗe yana dannewa ta sauko masa gaba ɗaya, har fushin ma ya rasa ƙarfin riƙe shi. Can ya ce, a hankali, "To kwatanta min gidanai. In gan shi dai da idona, in san wa yay yi muna wanga aiki."

Sufyanu ya ɗago. Ya dubi tsohon malaminsa, ya ga babu alamar gatse a fuskarsa.

"Gidan wa, Malam? Ni nik kai sunanka da hannuna, don na san babu mai tsaya ma Kalmalo kamar ka. Da munka yi ta zuwa gidanka da takardar naɗi, ana ce muna ka tahi Ƙwanni, na ɗauka ƙi kay yi. Ai kai ne wakilin Illela."