Gwadabe Ya Bi Shanu Ikko

Jirgin ƙasa ya haɗa Arewa da Kudu, haka Gwamnati ta sanar. Wudil dai ba a haɗa ta da kowa ba; mai son ganin jirgi sai ya taka zuwa Kano.

Gwadabe ya taka. Ƙanensa Isyaku ya raka shanu Ikko shekara uku da suka wuce, shanun sun isa lafiya an cinye su, shi kuwa shiru. Matar Isyaku, Rabi, ta gaji ta kai ƙara, alƙali ya ce in Babbar Salla ta zo miji bai bayyana ba, aure ya mutu. Gwadabe ne ya nemo auren nan da bakinsa. A tsakiyar kasuwar kara ya rantse ba zai dawo ba, ba zai ma aiko da gaisuwa ba, sai da Isyaku a hannu.

Masu jirgi sun raba halittar Allah gida biyu: fasinja da kaya. Fasinja yana da benci da taga. Kaya kuwa, in shanu ne, ana haɗa su da mutum guda mai sanda, aikinsa ya hana su kwanciya, don wadda ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta. Wannan mutum ba ya yankar tikiti. Gwadabe ya duba lamarin da idon basira, ya zama kaya.

Hanyar dogo ɗaya ce, saboda haka in an yi kiciɓis, kaya ne ke raɓewa fasinja ya wuce. Gwadabe ya raɓe wa fasinja iri-iri. Kafin Kaduna rigarsa ta canza launi, kafin Minna shanun sun daina ɗaukarsa baƙo.

A wata 'yar tasha bayan Minna aka sake ajiye su a rana. Jirgin fasinja mai tafiya Arewa ya zo yana jan jiki ta gefensu. Wani ɗan boko, da kwat da baƙin tabarau da hular hana-salla, ya zuro rabin jikinsa ta taga yana nuna Gwadabe, yana ɗaga hannu, yana ta ihun da kukan injin ya haɗiye. Har goro ya jefo masa, kamar mai ba da sadaka.

Gwadabe ɗan mutunci ne, ko da kashin shanu har gwiwa. Ya sa ƙafa ya shure goron, ya juya wa marar kunyar ƙeya har jirgin ya ɓace.

A Ikko ya bi zango zango. Kowa ya san Isyaku, kowa ya gan shi kwanan baya, kowa ya tura Gwadabe wajen wani wanda ya fi saninsa. Salla ta zo ta wuce. Damina ta sauka, gonarsa ta ƙauyensu Utai ta yi noman kanta. Da kaka ta yi, rantsuwa ta ga ba ta da abin ci, ta sassauta. Ya biyo motar goro ya dawo, yana tsara jawabin da zai yi wa dangi kan auren da ya mutu a hannunsa.

A tsakar gidansu ya tarar da Rabi tana tankaɗe, ga ciki ya fito sosai.

"Ikon Allah!" in ji Gwadabe. "Har kin yi wani auren? Kuma a gidan ubanmu kike zaune, don raini?"

Rabi ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya mutanen Ikko?"

"Bar ni da mutanen Ikko! Cikin wane ne wannan?"

"Na ƙanenka mana, yana gona. Tun kafin Salla ya dawo. Ya ce bayan Minna ya yi ta kiranka, har goro ya jefa maka, ka juya masa ƙeya."